Ta'aziyyar Malam Labaran Mai Layi, da Kwanar Filin da Muka Miƙe

Daga Ƙungiyar Wasanni ta Gaɓar Kogi, Wudil.
Zuwa ga iyalan marigayi Malam Labaran Tasi'u Indabo, da ɗaukacin jama'ar Wudil da kewaye.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini, da kunyar da ta fi alhinin nauyi a kanmu, Ƙungiyar Wasanni ta Gaɓar Kogi, a madadin Shugabanta, Alhaji Auwalu Jamil, da Kwamitin Gudanarwa, da Iyayen Ƙungiya, da masu horarwa da 'yan wasa maza da mata na dukkan sassanta shida, ta samu labarin rasuwar ubanmu kuma kakanmu, na ƙarshe da ya rage cikin mutum tara da suka kafa wannan ƙungiya, Malam Labaran Tasi'u Indabo, wanda yara da manya suka fi sani da Baba Mai Layi. Allah ya karɓi ransa da hantsin ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, a gidansa da ke Indabo, yana da shekara saba'in da tara, bayan 'yar gajeruwar jinya, kuma an yi jana'izarsa bayan sallar Azahar ta wannan rana kamar yadda addinin Musulunci ya tanada.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga mai ɗakinsa, Hajiya Rahinatu, da babbar 'yarsa, Malama Barakatu Labaran, da sauran 'ya'yansa biyar da jikokinsa, da Mai Girma Dagacin Indabo, da limamai da dattawan garin, da kuma ragowar mutanen tsohuwar Tungar Masunta da ke zaune yanzu a Ɗankaza.

Wannan saƙo ya yi jinkirin kwana uku, kuma ya fito da sunan wadda ba ita ta saba sa hannu a kan takardun ƙungiya ba, saboda haka ya kamata jama'a su san dalili tun daga farko. Ranar Laraba wakilan ƙungiya sun je gidan marigayi gaisuwa, iyalansa ba su shimfiɗa musu tabarma ba, suka ce sai mun faɗa wa gari, a rubuce, abin da muka yi wa mahaifinsu shekara biyu da suka wuce. Sakataren Yaɗa Labarai, Malam Faruk Zaharaddeen, shi ne hurumin wannan rubutu yake hannunsa, amma ya ce a gaban Kwamiti hannunsa ba zai iya ba. Kwamiti ya ɗora min, ni da nake ɗalibar aji uku a babbar sakandare, mai tsaron raga a sashen ƙwallon hannu na 'yan mata, kuma mai rubuta bayanan taro. An karanta wa Kwamiti kowace jimla da ke nan, ya amince a fitar da ita. Inda na ce "ni" maimakon "mu", ina roƙon a yi min uzuri, don akwai abin da ni kaɗai na aikata.

An kafa wannan ƙungiya a shekarar 1969, bayan ruwa ya ci Tungar Masunta, wata 'yar unguwa mai gida ashirin da 'yan kai a bakin kogi, mutanenta suka watse, wasu suka koma Indabo, wasu Ɗankaza. A kufan unguwar ne samari tara suka share wuri suka kafa sandunan raga: masunta huɗu, 'yan dako uku daga kasuwar Juma'a, tela ɗaya, da malamin firamare ɗaya. Malam Labaran yana cikin masuntan, shekararsa ashirin da uku. Ya buga baya har gwiwarsa ta goce a shekarar 1975, amma tun ranar farko shi ne mai zana layin fili, kuma bai ajiye wannan aiki ba sai bayan shekara hamsin da huɗu. A gabansa ƙungiya ta tashi daga ƙwallon ƙafa kaɗai ta ƙara kokawa, da tseren kwale-kwale, da guje-guje, da ƙwallon raga, da ƙwallon hannu. A gabansa aka fara wasan magidanta da samari na ranar Sallah, wanda har yau magidanta ke cewa alƙalin wasa ne yake cutarsu. A gabansa ɗaliban jami'ar da ke garin nan, 'yan Sakkwato da Yola da Maiduguri, suka fara zuwa da yamma suna neman a sa su a wasa, wasu suka gama karatu suka tafi, suna dawowa da 'ya'yansu su nuna musu filin. Duk shekarar da kogi ya cika, 'yan ƙungiya ne ke fita da buhunan yashi, kuma shi ne ke nuna musu inda ruwa ya saba ɓallewa.

Da toka yake zana layi. Matan unguwannin da ke kewaye da fili suna tara tokar murhunsu a tsofaffin kwanuka, ranar Alhamis ya bi gida-gida da buhu, ya yi sallama a zaure, a miƙo masa. Ya tankaɗe ta da rariya, ya zuba a gwangwanin da ya huda wa gindi, ya bi fili a sunkuye. Ba ya amfani da tef ɗin awo, taku yake ƙirgawa. Layin ƙwallon ƙafa kaurin yatsa huɗu ne, na ƙwallon hannu yatsa biyu, don kada a rikice inda suka haɗu, da'irar kokawa kuwa da turke da igiya yake fitar da ita. A wurinsa duk matar da ta ba da toka 'yar ƙungiya ce, tana da wurin zama a inuwar darbejiya ranar wasan Sallah, kuma ko mai babbar riga ya tarar a wurin sai ya tashe shi. Kakata tana cikin waɗannan mata.

Ba za mu ce ba shi da faɗa ba, domin iyalansa za su san ƙarya muke yi. Yadda yake korar akuya daga fili haka yake korar ɗan wasa, idan ya ga yana jan ƙafa a kan layi. Kusan babu wanda ya tashi a filin nan bai ji ya daka masa tsawa ba: "Kai ɗan gidan wa? Je ka tambayi babarka itace nawa ta ƙona kafin a samu tokar nan!" Amma a shekarar 1998, da aka yi wata uku ana gardama kan ko za a bar 'yan mata su yi wasa, shi bai halarci ko zama ɗaya ba. Sai aka wayi gari aka ga ya zana filin ƙwallon hannu a bayan darbejiyoyi, ya kewaye shi da zana, ya zauna a ƙofa da sandarsa, ya ce wa dattawa, "Na riga na zana. Wanda ya ga dama ya zo ya share." Babu wanda ya share. Sashen da nake ciki daga wannan safiya ya samo asali.

Akwai abu ɗaya da kowa ya sani game da filinmu: a karkace yake. Kwanar gabas maso arewa ta shigo ciki da taku goma sha ɗaya, a bayanta kuma akwai sabara da 'yan duwatsu da Malam Labaran ba ya yarda a taɓa. 'Yan wasa suna kiran ta gurguwar kwana. Ƙungiyoyin da ke zuwa baƙunta suna ƙorafi, mu kuma muna dariya muna cewa ai ita ce ɗan wasanmu na goma sha biyu. Kafin kowane wasa yakan je wurin, ya cire takalmi, ya tsaya ya ɗaga hannu. Baƙi suna zargin asiri yake binnewa. Mu muna zaton nasara yake roƙa mana. Cikin shekara hamsin da huɗu babu wanda ya tsaya kusa da shi ya tambaye shi wa yake yi wa addu'a.

A shekarar 2023 sashen ƙwallon ƙafa ya samu hawa zuwa babbar gasa, bayan shekara goma sha ɗaya ana nema. Masu duba fili suka zo da tef, suka auna, suka yi aikinsu bisa ƙa'ida, ba su da laifin komai. Suka ce tsawon filin bai kai ba ta ɓangare ɗaya, sai an miƙe kwanar kafin a yi masa rajista, suka ba mu kwana tara. Ba a iya matsar da filin ta wani gefe, don hanya ce ta yamma, gaɓar kogi ce ta kudu.

Ranar Lahadi bayan La'asar Kwamiti ya yi zama a gindin darbejiya, 'yan wasa da magoya baya sun fi ɗari suna tsaye a kewaye. Wannan ne zama na uku da na riƙe littafi, an zaɓe ni ne kawai don an ce rubutuna yana karantuwa. Malam Labaran ya tashi tsaye, abin da bai saba yi a taro ba, ya yi magana a fili ba tare da wani lulluɓi ba. Ya ce, "Kada ku miƙe kwanar nan. Kaburbura ne a wurin. Makabartar Tunga ce. Mahaifiyata tana nan, ɗana na fari yana nan."

Sai Malam Faruk, kamar yadda shi da kansa ya nemi a rubuta da sunansa, ya ce, "Haba Baba, shekara hamsin ba mu taɓa jin labarin kabari ba, sai yau da tef ya tona maka asiri?" Aka yi dariya. Wani daga baya ya ƙara da cewa, "Takunka ne ya gajarce, Baba, tsufa ne, ba abin kunya ba ne." Aka sake yin dariya, har da tafi. Shugaba ya tambaye shi ina shaidarsa. Ya ce sauran mutum takwas ɗin sun rasu, amma a je Ɗankaza a tambayi Yelwa, ƙanwar mahaifiyarsa, tana da rai. Shugaba ya ce za a duba, aka wuce zuwa maganar fenti.

Na rubuta abin da ya faɗa, kalma da kalma, don abin da aka koya min ke nan. Da aka tashi, Shugaba ya duba littafin, ya ce min, "'Yata, wannan ba maganar littafi ba ce, soke ta." Na soke ta da biro, sau uku, har takardar ta kusa hujewa. Shekarata goma sha biyar a lokacin, amma ba na kawo wannan a matsayin uzuri, don na san bambancin gaskiya da ƙarya tun kafin nan, kuma na ga fuskarsa lokacin da yake magana, na san ba ƙarya yake yi ba.

Babu wanda ya je Ɗankaza. Tafiyar minti arba'in ce a kan babur, kuma cikin Kwamiti mutum bakwai suna da babur, biyu suna da mota. Ba mantawa aka yi ba. Yau Shugaba ya faɗa da bakinsa cewa tsoro aka ji kada a je a tarar gaskiya ne. Ranar Talatar da ta biyo bayan wancan zama 'yan wasa da kansu suka zo da adda da shebur, suka sare sabarar, suka kwashe duwatsun suka zuba a kwata, suka baje ƙasa. Mu 'yan mata muka ɗebo ruwa aka yayyafa don ƙasar ta zauna. Aka kawo keken zana layi da farin fenti. Malam Labaran ya zo ya tsaya ya kalla, ya ajiye gwangwaninsa da rariyarsa a ƙofar ɗakin kaya, ya juya ya tafi. Bai sake taka filin ba. Ƙungiya ba ta rubuta masa takardar godiya ba, ba ta aika kowa gidansa ba, ranar Alhamis kuma mata suka ci gaba da tara toka har sati uku kafin su gane babu mai zuwa.

Daga wannan lokaci zuwa yau an buga wasan gasa ashirin da uku a filin. An kafa tuta a wurin, an buga kwana daga wurin ba adadi. Da yake nan ne gefen da ba rana, nan makaɗan magoya baya suka mai da mazauninsu, nan ake rawa idan an ci. Mu ma 'yan mata ta nan muke zagayawa da gudu kullum kafin atisaye. Duk ranar Juma'a Malam Labaran yakan shigo gari kasuwa, ya zo ya tsaya a tsallaken hanya, kusa da rumfar mai faci, ya cire takalmi a kan tsakuwa, ya fuskanci kwanar ya ɗaga hannu. Dukkanmu mun gan shi. Wasu suna cewa rigimar tsufa ce. Ni idan na hango shi sai in sunkuya kamar ina ɗaure igiyar takalmi, har ya tafi. Mutumin da ya zana mana fili ya zauna a ƙofa da sanda yana gadinmu, shekara biyu ban gaishe shi ba, don ina kunyar ya tambaye ni me na rubuta.

Ranar Larabar nan da ta wuce da hantsi muka isa Indabo, mu goma sha biyu, Shugaba a gaba. Muka yi sallama, Malama Barakatu ta fito bakin zaure da mayafinta. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi iyalan kowa. Sannan ta ce tun suna yara mahaifinsu yake faɗa musu idan ya rasu a kwantar da shi kusa da mahaifiyarsa, amma sati ɗaya kafin rasuwarsa ya kira su ya ce, "Ku kai ni makabartar Indabo kawai. Can an shafa wa wurin fenti." Ta ce abin da ya sa bai taɓa faɗa mana ba a da, su taran da suka kafa ƙungiya sun sani, sun yi alkawari a tsakaninsu ba za a taka wurin ba, kuma ya ji tsoron idan zance ya yaɗu iyaye za su hana yaransu zuwa fili. Ya ga ya fi masa sauƙi a riƙa yi masa dariya a kan karkataccen layi.

Shugaba ya fara ba da haƙuri, ta ce, "Alhaji, mun gode da tattaki. Addu'a kuwa ku yi ta daga inda kuke, Allah yana ji. Amma tabarmar gidan nan, sai kun faɗa wa gari abin da ya faru. A gaban mutum ɗari aka yi masa dariya, ba a zaure ba." Mun san ba a saba mai da masu gaisuwar rasuwa daga ƙofa ba, kuma muna roƙon jama'a kada wani ya ga laifinta, don ba ita ce ta fara yin abin da ba a saba ba. Kafin ta shiga ta tambaya ko a littafin ƙungiya an rubuta abin da ya faɗa. Ina tsaye a baya, littafin yana cikin jakata, ban amsa ba. Sai a hanyar dawowa na iya buɗe baki na faɗa wa kocinmu.

Ranar Alhamis mutum huɗu suka je Ɗankaza, ni ta biyar da littafi. Muka tarar da Inna Yelwa a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, shekararta casa'in da 'yan kai, idonta ya yi rauni amma hankalinta garau. Da aka faɗa mata ko mu su wa ne, ta ce, "Ashe kun zo. Labaran ya ce min za ku zo, na ce masa ba za ku zo ba. To, shi ya fi ni gaskiya, sai dai bai gani ba." Ta sa aka kawo mana ruwa. Ta ƙirga mana kaburbura goma sha huɗu a yatsunta, da sunan kowa da gidansu da abin da ya yi ajalinsa. Malam Faruk yana durƙushe a gabanta, bai iya shan ruwan ba.

Yau Juma'a Kwamiti ya zauna a wuri ɗaya da na wancan zama, a gaban jama'a, tare da limamin unguwa. Na ɗaga shafin da na soke ya fuskanci rana, rubutun ya fito ta bayansa, na karanta da ƙarfi. Ba za mu ce an haɗu a kan magana ɗaya nan take ba. Kyaftin ɗin ƙwallon ƙafa, Mudassir, ya yi magana da ladabi, kuma ya faɗi abin da ke zuciyar mutane da yawa: wasa huɗu suka rage, mu ne na uku a tebur, idan aka janye filin babu inda za mu karɓi baƙi, maki za su zube, wataƙila mu koma ƙaramar gasa, kuma yaran da suka yi shekara goma sha ɗaya suna wahala ba su ne suka yanke hukunci ba. Ya roƙa a bari a gama kakar wasa, sannan a kewaye wurin a hankali ba tare da an yi shela ba. Babu wanda ya zage shi, don gaskiya ne 'yan wasa za su fi kowa asara. Liman ya ce abin da aka yi cikin shakka sai istigfari, amma daga jiya babu sauran shakka, wanda ya taka wurin gobe ya taka yana sane. Aka ɗaga hannu, mutum tara suka ce a janye, huɗu suka ce a jira. Bayan an ƙirga, Mudassir ne ya fara tashi ya je ya cire tutar kwanar.

Saboda haka Ƙungiya tana sanar da jama'a cewa wasan ranar Lahadi ba za a yi shi ba, kuma an rubuta wa masu shirya gasa cewa mun janye filin Gaɓar Kogi daga rajista, mun faɗa musu ainihin dalili, mun amince da duk hukuncin da ƙa'idarsu ta tanada. An cire ragogi biyun an ajiye. Babu atisaye ga kowane sashe, har da namu, sai an kewaye makabartar da bulo. Malam Faruk ya ajiye muƙaminsa. Shugaba ma ya miƙa takardar ajiye nasa, amma Iyayen Ƙungiya sun ce ba za su karɓa ba sai ya ɗauki bulon ginin da hannunsa tukuna. Ni an ce in ci gaba da riƙe littafi, na sake rubuta maganar marigayi a sabon shafi kamar yadda ya faɗe ta, da bayanin wanda ya ce a soke da wadda ta soke.

Akwai abin da ya fi wannan ba mu kunya, shi ne mun je da igiya za mu mai da layi inda yake, muka tarar cikinmu babu wanda ya san ainihin wurin. Mun san taku goma sha ɗaya ne, amma takunsa ne, kuma mun kwashe duwatsun da za su nuna mana. Ƙungiya tana roƙon duk wanda ke da tsohon hoton filin, ko tsohon ɗan wasan da ya tuna inda sabarar take, ya taimaka ya zo. Inna Yelwa ta ce idan aka kai ta a mota za ta gane wurin daga inda wata tsohuwar tsamiya take. Ba za mu kafa turke ko ɗaya ba sai wani daga gidan marigayi yana tsaye yana gani, idan sun yarda.

Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki, mai rahama mai jin ƙai, ya gafarta wa Malam Labaran Tasi'u Indabo, ya yalwata kabarinsa, ya haskaka makwancinsa, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, ya saka masa da alheri kan duk yaron da ya tashi a filin nan bai lalace ba. Muna roƙon Allah ya jiƙan mutanen Tunga da ke kwance a gefen filinmu: Inna Zuwaira mahaifiyarsa, da Tasi'u ɗansa na fari da ya rasu yana da wata biyar, da sauran mutum tara da sunayensu ke hannun Kwamiti, da jarirai uku da Inna Yelwa ta ce ba a kai ga raɗa musu suna ba. Allah ya yafe mana abin da muka yi a kansu. Muna roƙon Allah ya ba Hajiya Rahinatu da Malama Barakatu da ƙannenta da jikoki haƙuri da juriya, ya albarkaci bayansa, ya haɗa kansu, ya sa kada abin da muka yi ya zama sanadin da wani jikansa zai ƙi wasa har abada. Amin.

Ranar Litinin, ranar addu'ar bakwai, za mu sake zuwa Indabo, dukkan sassa shida, mu ajiye ababen hawa a bakin titi mu ƙarasa da ƙafa. Ba mu zo da wannan takarda don mu sayi gafara ba, kuma ba mu da ikon cewa ta isa. Idan aka shimfiɗa mana tabarma za mu zauna mu gode wa Allah. Idan ba a shimfiɗa ba za mu yi addu'armu a tsaye daga waje, mu koma, ba mu da ƙorafi, kuma ragogi za su ci gaba da zama a ɗakin kaya.

Malama Barakatu, kin tambaya ko an rubuta abin da Baba ya faɗa, ban amsa miki ba. An rubuta. Ni na rubuta, ni na soke. Ki yafe min.

Sa hannu:

Khairiyya Jamil Dagumawa
Mataimakiyar Sakatare kuma Mai Magana da Yawun Ƙungiya ta Riƙo
Ƙungiyar Wasanni ta Gaɓar Kogi, Wudil, Jihar Kano
Juma'a, 17 ga Oktoba, 2025